Katin hoto biyu, akwatin wuta na araha: ku daina ƙona kuɗin ƴan bida



Yau maganata da samarinmu masu montaj ce, da masu haɗa musu kwamfuta, da kuma yayyen da ke aiko kuɗin daga wajen bida. Ba zan yi kwana-kwana ba. Duk wanda ya zuba dukiya ya sayi katin hoto biyu, wato kart girafik, sannan ya liƙa musu alimantasiyon mafi araha a butik, shi ya ƙona kayansa da hannunsa. Mai haɗawar da ya gani ya yi shiru kuwa, yana da kaso cikin asarar.

Situdiyo sun yawaita a garuruwanmu, kuma abin farin ciki ne. Biki, suna, wa'azi, kokowa, tallar ƴan kasuwa, duk yanzu yaranmu ke ɗauka su gyara, ba sai an kai Maradi ko Tawa ba. Amma ku saurari hirarsu in sun haɗu. Wane kati gare ka? Giga nawa? Wane furosesa? Ba za ka taɓa jin wani ya tambayi ɗan'uwansa ampa nawa alimantasiyon ɗinsa ke bayarwa ba. Ita ce ake saye ƙarshe, da canjin da ya rage a aljihu.

To mene ne aikinta? Kuran ɗin da ke zuwa daga bango bolt 220 zuwa 230 ne, kuma mai kai-da-komo ne. Kayan cikin kwamfuta ba su cin irinsa. Suna son wuta miƙaƙƙiya ta bolt 12, bolt 5 da bolt 3.3. Akwatin ƙarfen nan mai fanka da tarin wayoyi shi ke juya ta, ya tace ta, ya raba wa kowa rabonsa. Katin hoto da furosesa, waɗanda su ne manyan maciya, daga layin bolt 12 suke sha. In RAM ta mutu, ita kaɗai ta mutu. In alimantasiyon marar kariya ta mutu, tana iya tafiya da katin, da kart mer, da diskin da bikin mutane ke ciki, domin wayoyinta na taɓa kowa.

Ga yaudara ta farko. Babban rubutun da ke bisa kwali, 500W ko 650W ko ma 1000W, ba shaida ba ne. Wanda ke buga kwali ba ya tsoron lamba. Gaskiyar tana jikin ƙarfen, a ɗan teburin da anka rubuta da ƙananan baƙaƙe. Nemi inda anka sa +12V, ka duba ampa nawa ke ƙarƙashinsa, ka ninka. Wat shi ne bolt sau ampa, lissafin da anka koya muna tun kolej. In ka ga ampa 18, to 12 sau 18 ya ba ka wat 216. Shi ke nan abin da katinka da furosesarka za su raba, ko da kwalin ya rantse da 500. Sauran lambar an cike ta da layin bolt 5 da na 3.3, waɗanda kwamfutar zamani ba ta cika jan su ba. Alimantasiyon ta gaskiya mai wat 750 tana ba da kusan ampa 62 a bolt 12, wato kusan ƙarfinta duka yana inda ake buƙatarsa. In babu wanga teburi sam a jikinta, ajiye ta ka yi gaba.

Yanzu mu yi kalkil tare, ku ɗauko biro. Kamfanin NVIDIA da kansa ya bayyana abin da katunansa ke ci: GTX 1060 wat 120, RTX 3060 wat 170, RTX 3070 wat 220, RTX 3080 wat 320, RTX 4090 wat 450. RX 580 na AMD, wanda ya cika kasuwar gwanjo, wat 185 ne.

Mu ce kana da RTX 3060 guda biyu. Wat 340 ke nan. Furosesa mai ƙarfi in tana tsakar aiki, ba ta 150. Kart mer, RAM, diskoki da fankoki, ba su 70. Jimilla 560. Kada ka tsaya nan ka ce za ka sayi ta 600. Ƙara kashi 30 cikin ɗari bisa lissafin, ka samu kusan 730. Wato ta 750 ita ce mafi ƙanƙanta da za ka kalla, kuma ta 850 ta fi kwanciyar hankali. In RTX 3080 biyu ne: 640, da 150, da 70, ya zama 860. Ƙara kashi 30, ka haye 1100. Ta wat 1200 kake nema. Wanda duk ya ce maka 750 za ta ɗauki waɗannan biyun, ka tuna masa cewa NVIDIA ta ba da shawarar wat 750 ne ga kwamfuta mai RTX 3080 ƙwaya ɗaya tak.

Wani zai ce wagga ƙarin na kashi 30 almubazzaranci ne. Mutanen Keita su ba shi amsa. Tun 1984 da anka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a can, an gina madatsun ruwa a koramu. Akwai wanda ya auna gininsu da yayyafi? Da ruwan da ke saukowa daga tsauni rana guda cikin Agusta ake auna su, domin shi ke ɓalle gini. Katin hoto ma haka yake. Lambar da anka rubuta matsakaicin cinsa ne. Lokacin da aiki ya yi nauyi yakan zabura, cikin ƙasa da ƙiftawar ido, ya ja abin da ya ninka wannan. Abin ya kai har a 2022 kamfanin Intel ya fitar da sabon ƙa'idar da ake kira ATX 3.0, wadda ta ce manyan alimantasiyon su iya jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan taƙaitaccen lokaci. Kun san kwamfutar nan da ke aiki lafiya lau, sai an fara fitar da bidiyo ta mutu ɗif ta sake tashi? Sai a ce birus ne, a kai ta a yi formataj, a biya, a dawo, ta sake. Sau da yawa ba birus ba ne. Akwatin wutar ne ya kasa.

Dalili na biyu na ƙarin shi ne inda muke zaune. Alimantasiyon masu kyau ana gwada ƙarfinsu a zafin digiri 40 ko 50. Na araha da yawa a digiri 25 anka auna su. Wa ya taɓa ganin digiri 25 cikin shagon kwano a Buza, watan Afrilu, ƙarfe biyu na rana? Waje kansa ya wuce 40, balle cikin akwatin da kati biyu ke hura wa iska mai zafi. Ƙarfinta na raguwa in zafi ya ƙaru. Kuma masu gyaran rediyo sun san ƙa'idar kondansatar: duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin rayuwarta. Ƙara da ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Kayan da zai yi shekara biyar a Faransa, nan ba dole ya ga damina biyu ba.

Nan ne tambarin 80 Plus ke da amfani. Tun 2004 ake ba da shi, kuma ma'anarsa ita ce aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da akwatin ya ja daga bango na isa ga kwamfuta, saura ya zama zafi. Akwai matakai, Bronze, Gold, har sama. Ga bambancin a aikace: don ba kwamfutarka wat 560, akwatin da ke isar da kashi 70 zai ja wat 800 daga kontarka, 240 su tashi a zafi cikin ɗaki. Mai isar da kashi 90 zai ja kusan 620, zafin da zai zubar bai wuce 60 da ƴan kai ba. Bambancin nan kai ke biyansa a faktir kowane wata. Amma ku ji da kyau, tambarin yana magana ne kan tattalin wuta, bai ce kayan ba zai ƙone ba, kuma ana buga na jabu. Don haka ka nemi baƙaƙen kariya a kwali ko takarda: OVP, OCP, OPP, SCP, OTP. Su ne masu yanke wuta in tansiyon ta hau, ko an ja fiye da ƙima, ko waya ta haɗe, ko zafi ya yi yawa. Kamfanoni irin su Seasonic, Corsair, FSP da be quiet! suna ba manyan kayansu garanti na shekara biyar har goma. Wanda ya ba ka garantin sati guda ya riga ya gaya maka abin da ya sani game da kayansa.

Sai wayoyi, inda wuta ta fi kamawa. Ramin da ake soke kati a kart mer yana ba da wat 75. Waya mai baki shida tana ƙara 75, mai baki takwas 150. In alimantasiyon ba ta zo da isassun bakunan da katunanka ke buƙata ba, ta gaya maka da kanta cewa ba aikinta ba ne. Amma me masu haɗawa ke yi? Sai su ɗauko ɗan adaftar, su jona bakin SATA na diski su mai da shi baki takwas. Bakin SATA wat 54 yake ɗauka a bolt 12. An ɗora masa kayan 150. Robar na narkewa sannu a hankali, ba ka gani, sai ranar da ka ji ƙauri. Haba jama'a! Wa zai ɗora wa jaki guda buhun albasa uku ya ce ya kai Galmi da gudu? Kowane kati a ba shi wayarsa daga akwatin kai tsaye. Kuma in irin alimantasiyon nan ce da ake cire wayoyinta, kada ka ari wayar wani kamfani ka soka mata don ta shiga ramin. Tsarin wayoyin ba ɗaya ba ne, shiga ba ta nufin dacewa, kuma kuskure guda ya isa ya kashe diski.

Abu biyu game da kayan gwanjo. Tsofaffin HP da Dell na ofis, waɗanda anka fi samu da araha, da yawansu alimantasiyon ɗinsu ba ta wuce wat 240 ba, kuma bakunanta na kamfanin ne kaɗai. An yi su don rubuta takarda, ba don kati biyu ba. Na biyu, wasu tsofaffin akwatuna na da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. In daga Amurka kayan ya fito, duba shi kafin ka soka a bango. In yana kan 115, ƙara guda za ka ji. Kuma ko ta mutu kada ka kwance ta da sukundireba kana leƙe, manyan kondansatar ɗinta na riƙe da fiye da bolt 300 bayan an cire waya.

Na san abin da za a ce mini, don kullum shi ake cewa: laifin kuran ne. Wutar NIGELEC na zuwa tana ɗaukewa, tansiyon na hawa tana sauka. Ba wanda ya musa cewa wutarmu na da wahala. Kowa ya tuna Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mafi yawan wutar ƙasar nan, har zuwa Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza, da anka buɗe a 2018, megawat 7 ce, ba za ta ɗauki jihar Tawa duka ba. To amma wagga hujja a kanku take. Wanda ya san hanyar garinsu duwatsu ce, shi ya fi kowa buƙatar taya mai kyau. Mai situdiyo a Turai yana iya yin ganganci ya tsira. Kai da ke Madawa ba ka da wagga dama. Alimantasiyon mai kyau tana karɓar wuta daga bolt 100 har 240 ba tare da ta girgiza ba, kuma in abin ya wuce ƙima takan yanke ta kare sauran kaya. Ta araha takan miƙa bugun ga katinka.

Kuma lissafin bai ƙare a akwatin ba. Ondilar da ke cika kasuwa mai 650 VA ce, kuma VA ba wat ba ne: ƙarfinta na gaskiya bai kai wat 400 ba. Ka ɗora mata kwamfuta mai jan 620 da ekaran, ana ɗauke wuta za ta yi kuka ta mutu tare da aikinka. Irin wagga na'ura ondilar ta 1500 VA take so, kuma ka duba wat ɗin da anka rubuta kusa da VA. Ɗan ƙaramin gurup ɗin nan na masu cajin waya ma ba zai ɗauke ta da fanka da fitila ba. Masu pano, ku ma ku yi kalkil: batir mai bolt 12 da ampa 200 yana riƙe da wat 2400 na awa guda, amma in na dalma ne rabi kawai ya kamata a sha in ana son ya daɗe. Wat 1200 a raba da 620, ko awa biyu ba ta cika ba. Kuma konbatisar ta kasance mai fitar da wuta tsaftatacciya, wadda anka rubuta wa pur sinus, domin alimantasiyon na zamani da yawa ba su jituwa da ta araha. Mai lambun albasa a fadamar Tarka ba ya sayen motopompi sai ya san zurfin rijiyarsa da faɗin tiyo. Don me mai situdiyo zai kasa shi lissafi?

Hujja ta biyu: babu kuɗi. Wagga ita ce ta fi ba ni haushi, domin ba gaskiya ba ce. Wanda ke da kuɗin kati biyu ba talaka ba ne a gaban alimantasiyon. Tsarin rabon ne ya karkace. In kuɗin bai isa duka ba, sayi kati guda da akwatin wuta na ƙwarai. Kwamfuta mai kati ɗaya da ke aiki kullum ta fi mai biyu da ke kwance wajen mai gyara ranar da amarya ke jiran bidiyonta.

Ma fi haka, tambayi kanka ko kana buƙatar na biyun. Ƴan wasan gem su sani, zamanin haɗa kati biyu da ake kira SLI ya wuce. Tun farkon 2021 NVIDIA ta daina fitar da sababbin tsare-tsarensa, kuma RTX 4090 ko wurin jona gadar ba shi da shi. Masu montaj su sani, DaVinci Resolve na kyauta kati guda yake amfani da shi, sai wanda ake biya ke cin moriyar biyu. Masu aikin zane mai motsi a Blender, su kam na biyun na rage musu jira. Masu mafarkin haƙar kuɗin intanet kuma, Ethereum ta daina amfani da katin hoto tun 15 ga Satumba 2022. Daga nan ne katunan da sunka yi shekaru suna gudu dare da rana sunka watsu a kasuwannin duniya a matsayin gwanjo. In wani ya zo maka da kati mai araha ƙwarai yana maka lissafin dalolin da za ka haƙa kana barci, ganin kitse kake wa rogo. Kati na biyu da lojisiyel ɗinka bai san da zamansa ba, wuta kawai yake ci yana dumama maka ɗaki.

Hujja ta uku: ai wane yana da irinta shekara biyu ba abin da ya faru. To, Allah ya ƙara tsarewa. Akwai kuma masu hawa babur ba birki su isa gida lafiya. Ba a gina sana'a bisa sa'ar wani. Kuma situdiyonmu da yawa cikin kasuwa suke ko jikinta, bango ɗaya da mai tufafi, da mai sayar da esansi a kwalba. Ana barin kwamfuta tana fitar da bidiyo cikin dare, a kulle shago a tafi gida. In wayar nan ta narke ƙarfe biyun dare, ba kayanka kaɗai ke cikin hatsari ba.

Masu haɗa kwamfuta da masu kawo kaya daga Kano, Maradi, Konni ko Yamai, ku ne kunka fi kowa sanin wagga magana. Yaro ya zo da kuɗi yana ɗoki, bai san ampa ba. Kai ka sani. Ka rubuta masa lissafin a takarda, ka nuna masa teburin +12V, ka sa sunan alimantasiyon da ƙarfinta cikin faktir kamar yadda kake sa na katin. In ya nace sai ta araha, ka ce masa ba da hannunka ba. Ribar da za ka samu a akwatin jabu ba ta kai sunanka ba, kuma garuruwanmu ƙanana ne, labari ba ya kwana.

Ku kuma yayyenmu da ke bida, kun san yadda kuɗin nan ya samu. Wani dako ya yi a Abijan, wani gini a Libiya cikin zafi da fargaba. In ƙanenka ya turo maka lis ɗin kaya a WhatsApp, kada ka tsaya ga jimilla. Tambaye shi abu huɗu: wat nawa kayan duka ke ci, ampa nawa alimantasiyon ke bayarwa a bolt 12, kowane kati na da wayarsa ba adaftar, kuma wace ondilar za ta riƙe su in an ɗauke wuta. Ya ɗauko maka hoton teburin da ke jikin ƙarfen, ba na kwali ba. In bai iya amsawa ba, kuɗin su ƙara kwana hannunka har ya je ya tambayo.

Wanda ke da ja kan lissafin nan, ga wurin sharhi a ƙasa: ya kawo sunan katinsa da lambar da ke jikin alimantasiyon ɗinsa, mu ninka tare a gaban kowa. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya ba da sa'ar sana'a.